Shekarar da Na Goya Yaya Zuwa COJA

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma da hannuwansa yake tafiya. Yana ɗan shekara uku Inna ta sha masa ƙafafu. Haka ake faɗa a gidanmu a 'Yargoje, haka kuma na taso ina ji: zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ran na huɗu Iya ta tsayar da shi ya sulale ƙasa kamar rigar da ta zame daga igiya. An yi turare, an sha rubutu, an kai shi wurin masu magani har cikin ƙasar Faskari. Ƙafafun dai suka ƙi. Ni da aka haifa bayan shekara bakwai, na buɗi ido ne na gan shi da silifa a tafin hannu, yana ratsa tsakar gida da sauri fiye da yadda nake iya gudu.

Zan faɗa maka gaskiya tun daga farko: kunyarsa nake ji. Yara a makaranta "ƙanen gurgu" suke kirana. In kekensa na hannu ya kafe a rairayi aka aiko in tura shi, sai in sunkuyar da kai har mu wuce majalisar samari. Bai taɓa yi mini maganar ba. Yanzu na tabbata ya sani.

Baba bai yarda Yaya ya yi bara ba, ko sau ɗaya. An sha zuwa ana ba shi shawarar ya tura shi Funtuwa ko Kaduna wurin sarkin guragu, ya ce ɗansa ba zai miƙa hannu ba muddin yana numfashi. Sai ya kai shi Ƙanƙara ya koyi sana'a. Zauren gidanmu ya zama shago: rediyoyi a jere, wasu cikinsu a buɗe, ƙamshin dalma da ake narkarwa, da muryoyin Kaduna da Landan da Jamus suna hawa kan juna tun daga asuba.

A cikin waɗannan muryoyi ya tsinci labarin. Shekarar 2003 ce. Abuja za ta karɓi wasannin Afirka karo na takwas a watan Oktoba, wanda kowa ke kira COJA, har an gina sabon filin wasa dominsu. Abin da ya tsayar da hannun Yaya a kan aiki shi ne jin cewa nakasassu ma za su fafata, a ɗaga ƙarfe da tsere da ƙwallon tebur, kuma lambar da suka ci daidai take da ta kowa a lissafin ƙasa. Kwana biyu bai ce komai ba. Ran na uku ya sa aka kai ragonsa kasuwar Sheme.

Baba ya ce, "Na hana ka bara a Funtuwa, sai ka tsallake ka tafi Abuja?"

Yaya ya ce, "Allah ya ja kwananka, Baba, kallo za ni. Ina so in ga ko gaskiya ne."

Aka ce in raka shi, tunda ni ne mai ƙafa. Shekaruna goma sha bakwai.

Akwai abin da ya faru kafin tafiyar, wanda in na ɓoye shi labarin nan bai cika ba. Daminar ce maganar allurar shan-inna ta cika gari. Ana cewa an zuba mata maganin hana haihuwa, ana cewa makircin Turawa ne, ga shi kuwa Amurka ta shiga Iraƙi a watan Maris. A Kano gwamnati ta kai ga dakatar da rigakafin. Kada ka ɗauki iyayenmu marasa tunani. Sun tuna gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Kuma suna da tambayar da ba wanda ya amsa musu: yaro na zazzaɓi sai ka sayar da akuya kafin a duba shi, to me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo ka da shi har gida kyauta? Ranar da mata masu rigakafi suka iso layinmu da akwatin ƙanƙararsu, Baba ya kalle ni, na gane. Na ɗauki Auta, 'yar amaryar Baba, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, na shige rumbu da ita. Rumbun wayam yake, hatsi ya ƙare sabo bai shigo ba. Har yau ina jin warin tsohuwar ƙaiƙayi da zafin da ke ciki, da ɗan tafin hannunta a kan wuyana. Na ji ana tambaya ko akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Na ji Baba ya ce babu. Yaya yana zaure, kansa a kan rediyo, bai tanka ba. Da na fito na ji kaina kamar wanda ya tsare gida daga ɓarawo.

Muka tashi da sassafe, dawa ta fitar da kai, auduga ta fara buɗewa a gonakin bakin hanya. Sheme, Funtuwa, Giwa, Zariya, Kaduna. A lokacin ba abin da matafiyi ke tsoro a wannan hanya sai ramuka da gudun direba. Keken muka bari a gida, don kuɗin ɗora shi a mota ya kusa kuɗin mutum. Saboda haka a kowace tasha ni ne kekensa. In durƙusa, ya sarƙafe hannuwa a wuyana, in miƙe. Duk nauyinsa a ƙirji da kafaɗu yake. Ƙafafun kuwa suna reto a bayana, ba su fi karan dawa nauyi ba. Da muka hango Dutsen Zuma sai ya zaro takardar naira ɗari ya ɗaga ta saitin taga, yana duba dutsen yana duba hoton, yana dariya kamar yaro. Muka sauka wurin Kawunmu mai shayi a Zuba, muka kwana a kan bencinsa.

Washegari a bakin ƙofar shiga aka tare mu. Dama tun a Zuba ana ta raɗe-raɗin cewa ana kwashe mabarata daga tituna saboda baƙi, don haka gabana na faɗuwa tun kafin mu isa. Na sauke Yaya a gefen matakala in huta, sai wani mai kwat ya wuce ya sakar masa Murtala, naira ashirin, a cinya, ko kallonsa bai yi ba. Kafin mu ankara wani mai kaki ya iso yana kaɗa sanda, yana cewa ba a bara a nan. Ni dai na ƙame. Na fara hango mu a bayan mota, ba wanda ya san inda aka kai mu. Yaya ya ɗauki takardar nan, ya bi mai kwat da hannuwansa a kan siminti, tas tas tas, ya cim masa, ya ja ƙafar wandonsa ya miƙa masa kuɗinsa. Sannan ya dawo ya buɗe lalitarsa gaban mai kaki, kuɗin rago a ciki, ya ce da Hausa, "Kallo na zo." Ko mutumin ya ji Hausa ko bai ji ba, ya sauke sandar ya kauce.

Na goya shi muka hau matakala muka shiga zauren da ake ɗaga ƙarfe.

Benci ne dogo a tsakiyar dandamali, da sandar ƙarfe a kan maɗora biyu. Aka kira suna. Wani Bamasare ya turo kekensa, ya shafa farin alli a tafin hannu, ya dafa, ya wurga jikinsa kan bencin a tashi ɗaya. Ya kama ƙafafunsa da hannu ya jera su, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda Yaya ke yi kowane dare in zai kwanta. Aka ɗaure su da ɗamara. Ƙafafun nan na san su. Sirara ne, gwiwa ta fi cinya kauri, tafin ya lanƙwashe ciki. Su nake rufewa da zane in baƙi sun zo gidanmu. Ga su a ƙarƙashin fitilu, gaban alƙalai uku masu kwat, ba wanda ya rufe su.

Masu taimako suka ɗora masa sandar a hannu suka ja da baya. Zauren ya yi tsit. Ya sauke ta a hankali har ta taɓa ƙirji, ta tsaya cak, sannan ya tura. Jijiyoyin wuyansa suka fito kamar igiyar guga. Sandar ta yi sama, ta tsaya a rabi tana rawa, na ce shi ke nan ta danne shi, sai wani ƙara ya fito daga cikinsa ya miƙar da hannuwan duka biyu. Fitilu uku suka kama, farare. Wani da ke kusa da mu ya bayyana mana cewa fari na nufin an karɓa, ja an ƙi, kuma sau uku kowa ke gwadawa. Ya ce jan faifai kilo 25 ne, shuɗi 20, sandar kanta 20. Yaya ya dinga ƙirgawa da yatsa, leɓensa na motsi. Ya juyo ya ce, "Ya haura buhun masara da rabi." Mu da muka san yadda ƙarti biyu ke nishi kafin su ɗora buhu ɗaya a kan jaki!

Da aka kira ɗan Najeriya zauren ya ɗauki sowa. Yaya ya riƙe damtsena, yana matsawa duk lokacin da ƙarfen ya yi sama, har sai da wurin ya yi kwana uku yana mini ciwo. Mata ma suka hau, da irin ƙafafun nan, suka ɗaga abin da ni mai lafiya ko motsa shi ba zan iya ba. Da na dubi fuskar Yaya sai na ga hawaye na bin gemunsa, bai ma share ba. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da kekensa ya kife da shi a kwalbati. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ashe Inna har Masar take zuwa?"

Ba wasa yake yi ba. Amsar kuwa a waje muka same ta. Wasu samari Kanawa ne a inuwa, kowa a kan ɗan allo mai tayoyi, silifa a hannu, suna buga ƙwallo da tafi suna juyawa kamar mazari. Suka kira Yaya "ɗan'uwa", suka matsa masa. Su suka ba mu labarin ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro a 1988. Babbansu ya yi makaranta. Da Yaya ya maimaita tambayarsa sai ya girgiza kai ya ce ba aljana ba ce, ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, daga bayan gidan yaro take fita ta bi ruwa da abinci da hannu ta shiga bakin wani, ta je ta kashe jijiyar da ke motsa ƙafa. In ta kama babu magani. Amma ɗigo biyu a baki, in ana maimaitawa, yana tare ta. Ya daki cinyarsa ya ce da an ɗiga masa, da yanzu da ƙafa yake buga ƙwallon nan.

Na ji warin rumbu ya taso mini. Ban ce komai ba.

Kwana huɗu muka yi. Mun ga tseren kekuna masu ƙafa uku, 'yan wasa sun duƙufa kai a ƙasa suna dukan taya da safar hannu. Najeriya ce ta zo ta ɗaya a wasannin, Masar na bi mata, kuma zinaren nakasassu na cikin abin da ya ɗaga ta. Amma a teburin Kawu ba a zancen komai sai yadda Kamaru ta doke mu a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa. Abin bai sake ba har yau. A Landan a 2012 masu ƙafa suka dawo hannu rabbana, nakasassu suka kawo lambobi 13, shida na zinare. A Rio a 2016 zinare takwas suka kawo. Lucy Ejike, wadda ita ma shan-inna ce ta zaunar da ita, ta ci zinare a Atina da Beijin da Rio. Tambayi matasa goma a kowace majalisa, ka ga ko mutum ɗaya ya san sunanta.

Da muka dawo Yaya ya samo wani dogon ƙarfen mota wurin makanike a Ƙanƙara, ya cika gwangwanayen fenti biyu da siminti ya dasa a bakinsa biyu. Kullum bayan sallar asuba yana kwance a benci a zaure, ni ina tsaye a kansa ina tarewa. Mutane suka yi ta leƙe, wasu na cewa Abuja ta taɓa masa kai. Ni kuwa na daina sunkuyar da kai in ina tura kekensa.

Wani dare bayan isha ya ja jiki har gaban tabarmar Baba. Ya naɗe wandonsa zuwa cinya, abin da bai taɓa yi a gabansa ba. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Dubi nan. In sun dawo, a bari a ɗiga wa Auta." Baba ya daɗe yana kallon ƙafafun a hasken aci-balbal. Ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ba ɗigo ke kankare shi ba. Malamai sun yi magana, kai kuma ka je ka ji ta 'yan ƙwallo." Yaya ya waigo inda nake. Ni ma na ji abin da ya ji, na ga abin da ya gani. Kalma ɗaya yake nema daga bakina. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

Da masu rigakafi suka sake zagayowa, Baba ya kalle ni, na kuma ɗaukar ta. Wannan karon na san abin da nake yi. Tsoron fushin mahaifi ya fi mini ƙarfi a kan abin da ban ga zuwansa ba.

A daminar 2004 zazzaɓi ya kama Auta. Kwana uku. Ran na huɗu uwarta ta tsayar da ita, ƙafar hagu ta naɗe. Ihun da matar nan ta yi, Iya ce kaɗai ta san irinsa, ita ce kuma ta rungume ta. A watan Yulin shekarar Kano ta koma yin rigakafi, bayan cutar ta riga ta tsallaka ƙasashen da suka rabu da ita. Baba bai sake cewa babu yara ba. Bai kuma taɓa ɗora wa kowa laifi ba har ya koma ga Allah, sai dai ya kan zaunar da Auta a cinyarsa yana murza ƙafar da man shanu, shiru, har ta yi barci. Yaya ya shiga bin masu rigakafi gida-gida a kan kekensa. In maigida ya ce babu yara, sai ya naɗe wando. Ƙofofi da yawa sun buɗe ta haka. Ranar 25 ga Agusta 2020, da aka sanar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna, a rediyonsa muka ji, Auta na zaune da sandarta a gefe. Na nemi gafararta a ranar. Ta ce, "Yaya, kai ma yaro ne a lokacin." Ta yafe. Ni ne ban gama da kaina ba.

Kusan wata huɗu bayan haka aka kwashe ɗalibai sama da ɗari uku daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Hanyar da na goya Yaya a kanta ba fargaba ta zama sai da addu'a. A 2021 aka yanke layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi, sana'ar Yaya ta dawo da daraja, don rediyo kaɗai ya rage mana. A Satumbar 2023 aka yi wasannin nakasassu na Afirka karo na farko a Akara, nasu su kaɗai: ƙwallon masu ƙafa ɗaya, da ƙwallon kwando da tanis a kan keke. Na nuna masa a waya. Ya kalla har batir ya mutu, ya ce da yana da shekara ashirin.

Daren Lahadi 9 ga Yuni 2024, saura mako guda Babbar Sallah, ina gida, na kawo wa Iya kayan Sallah daga Funtuwa inda nake koyarwa. Ƙarar babura muka fara ji, sai harbi. Gari ya watse. Shuka ba ta kai idon sawu ba, babu dawar da za ta rufe mutum. Na tsaya a tsakar gida, Yaya a dama, Auta a hagu, baya ɗaya gare ni. Na durƙusa gabansa kamar yadda na saba. Ya ture ni da ƙarfin da ya kusa kayar da ni, ya ce, "Ɗauke ta! Ni na iya." Na goya Auta, Iya na riƙe da rigata, muka faɗa duhu. Abin da na ji na ƙarshe daga wajensa shi ne tas tas tas a kan ƙasa.

Da gari ya waye muka same shi a cikin wani kwazazzabo bayan gari, silifa ɗaya ta ɓace, tafin hannun duk ƙaya da jini, yana tasbihi. Mutanen gari sun shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa aƙalla mutum 50 aka kashe a daren. Na san da yawansu tun ina yaro. Wasu rediyonsu na zauren Yaya ba su karɓa ba. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Yanzu muna Funtuwa gaba ɗaya. Cikin ɗan kayan da muka ɗauko, Yaya ya nace sai an sa ƙarfensa, direba na ta faɗa saboda nauyi. Yana nan a zauren gidan da muke haya. Duk ranar Juma'a da safe matasa biyar ke zuwa. Uku shan-inna ce, 'yan shekarun Auta. Biyu harsashi ne ya raba su da ƙafa. Yaya ya kai arba'in da 'yan kai, furfura ta fito, shi ne alƙali: in ɗagawa ta yi kyau ya ɗaga farar takarda, in ba ta yi ba ya ɗaga jar hula. Auta ce ke rubuta nauyin a littafi. Ba ɗayansu da ya taɓa shiga filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina.

Ina roƙon masu kula da wasanni a jiharmu da su shirya wa nakasassun shiyyar Funtuwa gasa tasu, ko ta yini biyu ce, a gayyato na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a zo a ga abin da ke cikin kafaɗun yaran nan. Kai kuma mai karatu, in kana da benci na gaskiya da fayafayan ƙarfe da suke ajiye, ka taimaka mana da su. Simintin gwangwanin hagu ya tsage, da waya muka ɗaure shi.